Ko ka sani? VAR ba ta yanke hukunci da kanta

Ko ka san na'urar VAR ba ta taɓa ba da fenareti ko soke ƙwallo da kanta ba? A gidajen kallon ƙwallo na Sabon Birni da Isa, da zarar alƙalin wasa ya dafe kunne da yatsa sai wuri ya kaure. Wannan ya miƙe kan benci yana cewa "na'ura za ta cuce mu", wancan ya ce "ai inji ba ya ƙarya". Dukkansu sun ɗora wa ƙarfe nauyin da ba nasa ba. Mutum ne a bayan abin, alƙali ne shi ma, yana zaune a wani ɗaki da mataimakansa, hotunan kyamarorin filin na shigo musu ta kowace kusurwa.

Dokar da hukumar IFAB ta amince da ita a Maris 2018 ta ba shi damar tsoma baki a abu huɗu kacal: cin ƙwallo, fenareti, jan kati kai tsaye, da ba wani kati a madadin mai laifin. Shi ma sai kuskuren ya fito ƙarara. Iyakarsa ya yi wa alƙalin fili magana a kunne. Na filin ne zai zana siffar talabijin da hannu, ya ruga bakin fili ya duba allo, kuma maganar ƙarshe tasa ce.

Abin da ya fi tayar da jijiyar wuya shi ne ikon da suke da shi na komawa baya har farkon harin da ya haifar da ƙwallo. Mun ɗanɗana wannan ranar 7 ga Fabrairu 2024 a Bouaké, a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Afirka tsakanin Najeriya da Afirka ta Kudu. Najeriya na gaba da ci ɗaya, Osimhen ya ƙara ta biyu, ana ta rungume-rungume. Sai alƙali Amin Omar ɗan Masar ya nufi allo, ya ga tun a farkon harin Alhassan Yusuf, ɗan Kano, ya taɗe Percy Tau a cikin da'irarmu. Aka soke ƙwallon, aka ba Afirka ta Kudu fenareti, Mokoena ya farke. Ya yi ciwo ƙwarai, amma hukuncin daidai ne, kuma Allah ya taimake mu Nwabali ya tare biyu a bugun raba gardama.

Satar gida awo ce, a nan inji yana da ta cewa. A Katar a 2022 kyamarori 12 ne ke bin gaɓoɓi 29 na jikin kowane ɗan wasa sau 50 a daƙiƙa, ga kuma ɗan ma'auni a cikin ƙwallon kanta. Taɓa ƙwallo da hannu kuwa sai an yi fahimta. A 2018 a Rasha, a wasan Najeriya, ƙwallo ta sauko daga kan ɗan wasan abokan hamayyarmu Marcos Rojo ta bugi hannunsa, alƙali Cüneyt Çakır ɗan Turkiyya ya je ya kalla da idonsa ya ce babu komai, Rojon nan kuma shi ya ci wadda ta fitar da mu. Har gobe ana wannan musu, domin hoton da kowa ya gani ɗaya ne, fassarar ce ta bambanta.

Ni dai ina bayan VAR, ko da yake jiran da take sa mai kallo, murna ta maƙale masa a maƙoshi, yana ƙona min rai. Mai cewa a watsar da ita ya tuna wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Afirka, 31 ga Mayu 2019 a Tunisiya, tsakanin Wydad da Espérance. An soke wa Wydad ƙwallo, 'yan wasanta suka ce a duba, ashe na'urar ba ta aiki. Suka ƙi ci gaba, aka yi fiye da awa ɗaya ana cacar baki, daga ƙarshe alƙali Bakary Gassama ɗan Gambiya ya tashi wasan, aka miƙa wa Espérance kofi.