Gandun Dajin Madarumfa da Gonakin da ke Kewaye da Shi

Wanda ya tashi daga birnin Maraɗi da sassafe, ya kama hanyar da ta nufi Ɗan Isa da iyakar Najeriya, tafiyar kilomita 20 da ɗoriya ce za ta kai shi Madarumfa. Hanyar tana bin gefen kwarin Gulbin Maraɗi. Da fari zai wuce Jiratawa, inda aka gyara fadamar noman rani a farkon shekarun 1980, inda kuma zogale ke tsaye kore shar ko da tsakiyar bazara. Daga nan sai gonakin hatsi da dawa da wake, da rumbuna a bakin ƙauyuka, da amalanken shanu da ke fitowa daga kudu ɗauke da itace za su birni. Ya kamata matafiyi ya lura da waɗannan amalanke tun daga hanya, domin labarinsu da na dajin da zai gani labari guda ne.

Yawancin baƙi tabki ne ke kawo su Madarumfa. Shi ne ruwa mafi girma a jahar Maraɗi da ba ya ƙafewa, kuma idan damana ta yi kyau faɗinsa yakan kai kamar hekta 800. Amma arewa da shi kaɗan akwai wani wuri da baƙi ba su cika kula da shi ba, wato gandun dajin da hukuma ta keɓe tun zamanin Turawa. Girmansa hekta 830 ne. Ga wanda bai saba da lissafin hekta ba, in da za a daidaita filin kusurwa huɗu, kowane gefe ba zai cika kilomita 3 ba. Mutum mai ƙarfin ƙafa zai ratsa shi tsakanin hantsi da azahar, har ya sami lokacin hutawa. In an gwada shi da dajin Baban Rafi da ke kudu maso yamma, wanda ake lissafa shi da dubban hektoci, wannan ɗan ƙarami ne ƙwarai.

Lokacin da ya fi daɗin shiga shi ne bayan kaka, sa'ad da sanyi ya fara sauka. Itatuwan wannan kwari sanannu ne ga duk wanda ya tashi a karkara. A wuraren da ruwa ke kwanciya da damana akwai bagaruwa, wadda majema ke neman ƴaƴanta don jimar fata, da giyayya mai son laka. Inda ƙasa ta ɗan tashi sai kanya da tsamiya da magarya da aduwa, a ƙarƙashinsu kuma sabara da kalgo da geza. Kowane icce da aikinsa. Yara sun san ranar da kanya ke nuna fiye da yadda suka san ranar komawa makaranta. Mata na tsinkar ganyen tsamiya da ƴaƴanta don kunu, masu magani na ɓantarar ɓawo da saiwa, makiyayi na kaɗo wa awakinsa ƴaƴan itace. Ga kurciya da hasbiya a sama, ga damo da bushiya a ƙasa, ga kuma inuwar da ke sa mai tafiya ya rage sauri ba tare da ya sani ba.

To amma ido mai lura ba zai daɗe ba sai ya ga ɗaya fuskar. Akwai kututture da gatari ya bari, akwai rassan da aka datse wa dabbobi da rani, akwai sarari a wuraren da aka san dā duhu ne. Abin da ya fi damun masana harkar daji shi ne ƙarancin ƙananan itatuwa a ƙarƙashin manya, domin ɗan tsiron da akuya ta cinye a watan Maris ba zai zama tsamiya ba. Wannan cuta ta kama gandun daji da dama a jahar. A wasunsu har hukuma ta yarda ta ba manoma fili su noma a ciki bisa yarjejeniya, da sharaɗin su raya itatuwan da ke wurin.

Kafin a ɗora wa mutanen ƙauye laifi, ya dace a duba yadda al'amarin ya faro. A shekarar 1935 gwamnatin mulkin mallaka ta fitar da dokar daji da ta shafi dukan ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa. Da ita aka keɓe gandaye, aka ja musu iyaka, aka hana sara da noma a cikinsu. Bayan samun mulkin kai, dokar watan Maris na 1974 ta bi sawun ta farko, ta kuma jera itatuwan da ba a taɓawa sai da izini, cikinsu har da gawo da tsamiya da kuka da ɗorawa da giginya da goriba. Niyyar mai kyau ce, ana cikin tsananin fari a lokacin. Sai dai abin da manomi ya fahimta daga gare ta shi ne, iccen da ya tsiro a gonarsa ta gado ba nasa ba ne, na gwamnati ne, kuma ranar da ya sare masa reshe tara na jiransa a hannun ma'aikatan Ruwa da Daji. Mutumin da ke cikin wannan hali me zai yi? Sai ya tumɓuke icce tun yana ƙarami, kafin ya girma ya jawo masa magana. Haɗe da wannan, koyarwar noman zamani ta wancan lokaci tana yabon gona mai tsabta wadda garmar shanu za ta ratsa ba tare da ta ci karo da kututture ba. Gonaki suka zama fili fetal, iska ta riƙa binne shuka da rairayi har sai an sake shuka sau biyu ko uku. Matar da ta rasa iccen girki a gonar mijinta kuwa ba ta da inda za ta nufa sai gandun hukuma.

An yi ƙoƙari, ba a ce ba a yi ba. Tun 1975 ake dasa itatuwa ranar 3 ga watan Agusta. Ƴan samariya sun haƙa ramuka, an kafa ƙananan gandaye na ƙauyuka, an dasa dogon yaro da turare. A watan Mayu na 1984 aka yi babban taron yaƙi da hamada a Maraɗi, zamanin Shugaba Seyni Kunce, aka ɗauki alkawarin da ake kira Alkawarin Maraɗi. Dogon yaron da ke yi wa kasuwanni da makarantu inuwa yau, da yawansa daga wannan zamani ya fito. Amma gandayen ƙauyuka da dama sun mutu, saboda ba a fayyace wa kowa ba wanda zai sha wahalar ban ruwa da wanda zai ci amfanin itacen.

Abin da ya juya al'amarin ya fito ne daga cikin gonakin kansu. A 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a yankin Maraɗi, ya lura cewa ƴan tsirarun da ake sassabewa kowace shekara ana ƙonawa ba ciyawa ba ce, toho ne na itatuwan da aka sare, waɗanda saiwarsu ke nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Tsofaffin manoma sun san haka tun dā, tsoron doka da kunyar a ce gonarsu ta yi datti ne suka hana su amfani da sanin. Lokacin yunwar 1984 zuwa 1985, wadda jama'a ke kira El Buhari, aka haɗa rabon abinci da barin toho a gona. Da rabon ya ƙare wasu suka sare nasu, wasu suka bari, kuma waɗanda suka bari su ne maƙwabta suka koma suna kwaikwayo. Wannan aiki shi ake kira sassaben zamani. Ba ya bukatar rijiya ko waya ko kuɗi. Manomi zai zaɓi kututturen da yake so, ya bar masa toho uku zuwa biyar mafi ƙarfi, ya datse sauran da wuƙa mai kaifi, ya riƙa gyara su kowace shekara. Da yake saiwar tsohuwa ce mai zurfi, cikin ƴan shekaru tohon ya wuce tsayin mutum. Masu bincike da suka gwada hotunan sama na dā da na baya sun ƙiyasta cewa gonakin da suka farfaɗo ta wannan hanya a Nijar sun kai hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200, akasarinsu a jahohin Maraɗi da Damagaram.

Saboda haka wanda ya fito daga gandun Madarumfa kada ya yi saurin komawa mota. Ya taka cikin gonakin da ke kewaye, domin rabin abin kallon yana can. Zai iya gane gonar mai sassaben zamani daga nesa: kalgo da sabara a tsaye, an aske musu gindi, an bar musu kai, ga tarin rassan da aka datse a gefe suna bushewa. Zai ga gawo, wanda ke zubar da ganye da damana ya bar wa hatsi rana, ya kuma yi ganye da rani lokacin da dabbobi ke neman inuwa, su kwanta ƙarƙashinsa su bar taki. Ba banza ba sarakunan Damagaram na dā suka sa hukunci mai tsanani kan mai sare shi. Kowane dami na itace da aka ɗauka daga irin wannan gona, dami ne da ba a saro daga gandu ba. Ma'aikacin daji ɗaya da babur ba zai iya tsare hekta 830 dare da rana ba, amma matsin da ke kan gandun yana raguwa a duk ƙauyen da gidaje ke samun iccen girki a gonakinsu.

Doka ma ta biyo baya, ko da yake a hankali. Dokar 1992 ta buɗe kasuwannin itace na karkara, inda ƙauyuka ke sara bisa ƙa'ida su sayar da kansu, kuma dajin Baban Rafi na cikin wuraren da aka kafa su. Kundin dokokin karkara na 1993 da dokar daji ta 2004 sun ƙara wa jama'a hannu cikin kula da albarkatun ƙasarsu. A ranar 30 ga watan Yuli na 2020 gwamnati ta fitar da doka musamman kan sassaben zamani, wadda ta amince da hakkin manomi kan itatuwan da ya raya. Ya kamata hakimai da masu gari da malaman yaƙi da jahilci su sa a karanta wa mutane ita da Hausa a dandali, domin tsoron shekara arba'in ba ya fita daga zuciya don kawai an sa hannu kan takarda a Yamai. Akwai kuma matsalar da takarda ba ta warware ba, ita ce ta mai zuwa da dare ya sare abin da wani ya yi shekara biyar yana reno. A Ɗan Saga, cikin gundumar Agye, mutanen gari sun kafa kwamitin tsaro da ya haɗa maza da mata da makiyaya, kuma shigar da makiyayan ita ce hikimar, tunda wanda aka zauna da shi aka yanke shawara ya fi wuyar karya ta.

Daga gonakin, gangarawa kaɗan ce zuwa bakin tabki. Masunta na gyaran taru kusa da jiragensu, mata na soya karfasa da tarwaɗa, da sanyi kuma kirinjijiya da zalɓe da tsuntsayen da ke zuwa daga nesa suna cika gaɓa. Mutanen gari na cewa waliyyai 99 ne ke kwance kewaye da ruwan, ana kuwa zuwa ziyarar kaburburan daga wurare masu nisa. A 2006 Nijar ta sa gandun da tabkin da kaburburan, su uku a haɗe, cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta karɓa a matsayin gadon duniya, a 2019 kuma aka shigar da tabkin cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare wuraren ruwa. Haɗa su da aka yi daidai ne. Tabkin yana shan ruwa daga Gulbin Gabi da Gulbin Maraɗi, kuma ruwan da ya gangaro ta ƙasar da ba icce, rairayi yake kawowa ya cike gindin tabki. Tun da aka gina madatsar Jibiya a jihar Katsina wajen 1990, gulbin bai ƙara malala cikin kwari kamar dā ba, duk da yarjejeniyar rabon ruwa da ƙasashen biyu suka sa wa hannu a Maiduguri a wannan shekara. Dattawan Maraɗi na tuna cewa ambaliyar wannan gulbi ce ta tashi tsohon gari a 1945 aka koma kan tudu.

Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da 260.000 a birnin Maraɗi, da sama da miliyan 3 a jahar, kuma mafi yawan tukwanen da ake ɗorawa a gidajensu kan itace ake ɗora su. Murhun Mai Sauƙi da iskar gas sun rage wani abu a birni, amma ba su kai ko'ina ba. Mai niyyar ziyara ya fara biyawa ta wurin hukumar gunduma da ofishin Ruwa da Daji, ya nemi ɗan rakiya, ya kuma tambayi halin hanya kafin ya zarce kudu, saboda ɓarayin shanu da masu satar mutane sun addabi ƙauyukan bakin iyaka tun ƙarshen shekarun 2010. In ya juyo da la'asar zai sake haɗuwa da amalanken da ya gani da safe, sun sauke kayansu a birni suna komawa gida wayam, yaran da ke kora shanun na kwance a kai. Gobe da asuba za su sake lodi.