Takardar Awoyi da Fanshon Ma'aikacin Wucin Gadi a Jami'o'in Birtaniya

Duk wanda ya taɓa shiga wata jami'a a Birtaniya a watan Mayu, lokacin jarrabawa, ya ga mutanen da wannan rubutu yake magana a kansu, ko da bai lura da su ba. Su ne masu zagaya ɗakin jarrabawa suna raba takardu, su ne ɗaliban digiri na uku da ke koyar da ƙananan azuzuwa da duba takardun amsa, su ne masu jera littattafai a laburare da yamma. Ba su da albashi tsayayye. Awa nawa ka yi, a rubuta, a biya ka. Wani watan aiki ya yi yawa har barci ya gagara, wani watan shiru kamar an aiki bawa garinsu. Cikinsu akwai 'ya'yanmu da dama da suka je karatu, waɗanda bizar ɗalibi ta ba su damar yin aikin da bai wuce awa 20 a mako ba lokacin zangon karatu.

Tun watan Oktoba na 2012 doka ta fara wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata a ƙasar su riƙa sa mutanensu cikin tsarin fansho kai tsaye, ba tare da jiran ma'aikaci ya nema ba. An fara da manyan ma'aikatu, ana saukowa sannu a hankali har aka game kowa a watan Fabrairu na 2018. Tushen abin shi ne shawarar kwamitin da Adair Turner ya jagoranta, wadda ta zama Dokar Fansho ta 2008. Hikimar ba ta da wuyar ganewa. An lura cewa mutum ba ya son cike takarda, don haka aka juya lamarin: a da sai ka cike takarda za ka shiga, yanzu sai ka cike takarda za ka fita. Fiye da mutum miliyan 10 aka shigar ta wannan hanya, kuma kusan ɗaya cikin goma ne kawai yake ficewa.

Sharuɗɗan uku ne. Ma'aikaci ya kai shekara 22 amma bai kai shekarun karɓar fanshon gwamnati ba, yana aikinsa a Birtaniya, kuma abin da yake samu ya haura fam 10,000 a shekara. Wannan sharaɗi na uku shi ne ya rikita mutane, kuma ya ishe ni jin ana maimaita kuskure ɗaya a kansa. Za ka ji ɗalibi yana cewa da ƙarfin hali: ai ni duk shekara ko fam dubu biyar ba na samu, me ya haɗa ni da fansho? To, ya haɗa ka. Ofishin biyan albashi ba ya zama ya jira ƙarshen shekara ya haɗa lissafinka. Fam 10,000 ɗin nan yanka shi ake yi daidai da yadda ake biyanka. Mai karɓar kuɗi wata-wata, iyakarsa fam 833. Mai karɓa mako-mako, fam 192. Muddin ba a shigar da kai ba, a duk lokacin da za a biya ka sai an sake auna ka daga farko, kamar ba a taɓa ganinka ba, kuma abin da aka biya ka a wannan zagaye shi kaɗai ake dubawa. Ba a tambayar abin da ka samu a watan jiya, balle abin da za ka samu a watan gobe.

A nan ne takardar awoyi take shigowa, kuma a ganina babu wata takarda a duk wannan harka da ta kai ta muhimmanci, duk da yadda ake raina ta. Hanyarta doguwa ce. Ma'aikaci zai rubuta ranakun da ya yi aiki da awoyin kowace rana, a kan takarda ko a shafin jami'a na intanet. Mai kula da shi a sashensa zai sa hannu. Daga nan ta wuce ofishin biyan albashi, kuma wannan ofishi yana da ranar da yake rufe karɓa a kowane wata. Takardar da ta zo bayan an rufe, ko da da kwana ɗaya ne, sai wata mai zuwa. Idan mai sa hannun ya tafi hutu ko taro a wata ƙasa, ta kwanta a teburinsa. Idan ma'aikacin da kansa ya yi sakaci, ya ce bari in tara su in kai gaba ɗaya, to shi ke nan.

Wani ƙanena da ke digiri na uku a wata jami'a a arewacin Ingila ya kira ni wata rana ransa a ɓace. "Yaya," in ji shi, "mutanen nan sun yanke min kuɗi ba su tambaye ni ba." Na ce ya karanto min takardar albashinsa layi bayan layi. Yana koyar da awa 20 a wata, fam 18 kowace awa, wato fam 360. Aikin bincikensa ya sha masa kai, bai kai takardunsa na Fabrairu da Maris ba sai da ya haɗa su da ta Afrilu. Aka biya shi fam 1,080 lokaci guda. Na'urar lissafin albashi ba ta san wannan gumin wata uku ba ne. Ta ga adadin da ya wuce 833, ta ga ya haura shekara 22, ta shigar da shi.

Sai muka yi lissafin tare. Ba a kan kuɗin gaba ɗaya ake cire kason ba. Akwai ƙasa da sama: a shekara ana farawa daga fam 6,240 a tsaya a fam 50,270, wanda a wata yake zama daga fam 520 zuwa fam 4,189. Cire 520 daga 1,080, saura 560. Tun watan Afrilu na 2019 mafi ƙarancin abin da za a zuba shi ne kashi 8 cikin ɗari na wannan saura, kuma aƙalla kashi 3 daga aljihun mai ɗaukar aiki. Asusun da aka sa shi NEST ne, wanda gwamnati ta kafa domin ya karɓi duk ma'aikatar da ta nema. A tsarinsa, daga albashin ƙanena aka cire kashi 4, fam 22.40. Gwamnati ta ƙara kashi 1 a matsayin sassaucin haraji, fam 5.60, duk da cewa kuɗinsa na shekara bai kai fam 12,570 da ake fara biyan haraji a kai ba. Jami'a ta zuba fam 16.80. Ya ba da 22.40, an ajiye masa 44.80. Da muka zo nan sai ya yi shiru, can ya ce, "Ashe ninkawa aka yi."

Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne abin da ke biyo baya, wanda kusan ba a faɗa wa kowa. Fam 833 ƙofar shiga ce kawai. Da zarar ka shiga, ta daina aiki a kanka. Idan a watan gaba ka samu fam 700, za a cire kaso a kan fam 180 da ya haura 520, jami'a ma ta zuba nata. Idan ka koma fam 360 ɗinka, ba za a cire komai ba, amma sunanka yana nan cikin asusun. Takarda ɗaya da ta makara ta isa ta sauya matsayin mutum na tsawon zamansa a wurin.

Jami'o'i sun san da wannan, kuma doka ta ba su mafita. Mai ɗaukar aiki yana da ikon ɗage shigar da ma'aikaci har tsawon wata uku, da sharaɗin ya aika masa wasiƙar sanarwa cikin mako shida. Ranar da wa'adin ya cika sai a sake auna shi. In har a wannan zagaye bai kai iyakar ba, ba a shigar da shi, a ci gaba da sa ido. Ranar da kuɗinsa ya sake haurawa kuma ana iya sake ɗagewa. An yi wannan ne domin kada a riƙa buɗe wa mutum asusu saboda aikin mako biyu, kuma dalili ne mai kyau. Amma ba zan ɓoye ra'ayina ba: mai duba takardun jarrabawa da kuɗinsa ke tashi sau biyu a shekara, a Janairu da Yuni, yana iya yin shekara huɗu yana yi wa jami'a hidima ba a taɓa zuba masa ko kwabo ba, kuma ba a karya doka ba. Maganin yana cikin wasiƙar nan da yawancin mutane ke sharewa ba su karanta ba. Ta bayyana cewa kana da ikon neman a shigar da kai nan take. Wanda ke tsakanin shekara 16 da 74 kuma yake samun abin da ya haura fam 520 a wata, idan ya nema a rubuce, dole a sa shi kuma dole jami'a ta zuba nata kason. Wanda bai kai 520 ba shi ma yana iya neman shiga, sai dai ba a tilasta wa jami'a ta ƙara masa komai.

Game da watan da ake aunawa, wasu ma'aikatu suna bin watan albashinsu, wasu suna bin watan haraji, wanda ke farawa ranar 6 ga wata ya ƙare ranar 5 ga wata mai bi masa. Mutane kan yi mamakin wannan rana. Asalinta tsohuwar shekarar Ingila ce da ke farawa ranar 25 ga Maris. Da aka sauya kalanda a 1752 aka tsallake kwana 11, sai shekarar haraji ta gusa zuwa farkon Afrilu, ta zauna a can har yau.

Sauran ƙa'idojin ofis ba sai an ja su da tsawo ba. Kuɗin hutun da ake ƙara wa mai aikin awoyi, kashi 12.07 cikin ɗari, yana shiga lissafi, kuma shi ma yana iya tura mutum ya haye iyaka. Mai aiki a sassa biyu na jami'a ɗaya, sai an duba ko dangantakar aiki ɗaya ce kafin a haɗa kuɗin. Mai aiki a ma'aikatu biyu dabam ba a haɗa masa. Abin da aka cire dole ya isa asusu zuwa ranar 22 ga wata mai zuwa. Ana adana bayanai shekara shida. Wasu masu aikin koyarwa da bincike USS ake sa su, babban asusun malaman jami'a da ya fara aiki a 1975, inda tun Janairu na 2024 ma'aikaci ke ba da kashi 6.1, jami'a kashi 14.5. Bayan kowace shekara uku ana mayar da waɗanda suka fita, idan har sun cika sharuɗɗa.

Akwai kuskure na biyu da ke yawo tsakanin ɗalibai baƙi, kuma ya fi na farko ciwo. Suna gaya wa juna cewa ranar da za ka koma gida za ka je a mayar maka da kuɗinka. Ba haka ba ne, kuma ban san wanda ya fara yaɗa wannan magana ba da har ta yi saiwa. Wata ɗaya tak doka ta ba ka bayan an shigar da kai. In ka fice cikinsa, a mayar maka da abin da aka cire gaba ɗaya. In ya wuce, kana iya dakatar da zubi, amma abin da ya shiga zai zauna har ka kai shekara 55, kuma daga Afrilu na 2028 za ta koma 57. Kuɗin naka ne ko kana Kano ko kana Maraɗi, ba ya ɓacewa don ka bar ƙasar, sai dai bin sawunsa zai yi wuya idan ka bar asusun da adireshin ɗakin kwanan ɗalibai da imel na jami'a wanda za a rufe bayan ka kammala. Takardar ficewa kuma daga wurin asusun fansho ake samunta, ba daga shugaban sashe ba. An haramta wa mai ɗaukar aiki ya zuga ka ka fita ko ya yi maka alkawarin ƙarin awoyi idan ka fita. Hukumar Kula da Fansho da ke Brighton tana iya cin tarar fam 400 ga wanda ya ƙi bin umarninta, sannan tarar kullum daga fam 50 zuwa fam 10,000 gwargwadon yawan ma'aikatansa.

Wasu 'yan'uwa Musulmi suna ficewa ne saboda gudun riba, kuma damuwarsu tana kan hanya. Sai dai kafin mutum ya bar kason jami'a ya tafi, ya sani cewa NEST yana da asusu na musamman da ake juya kuɗinsa bisa ƙa'idojin shari'a, kuma daga shafinsa na intanet mutum yake komawa cikinsa da kansa.

Kai da kake wannan aiki, ko kake da ɗa ko ƙane a can, ka gaya masa ya riƙa kai takardar awoyinsa kowane wata kafin ranar rufewa, ya karanta duk wasiƙar da ta zo daga ofishin biyan albashi, kuma ya sauya adireshi da imel na asusunsa kafin ya hau jirgin dawowa gida.