Yaƙin Sararin Samaniya a Talabijin: Wa Ya Fi Iya Kashe Wutar da Ya Kunna?

Duk ɗalibin da ya taɓa rubuta ƙagaggen labari a aji ya san wannan matsala. Ka haɗa rigima, ka tara abokan gaba, labari ya yi daɗi, sai ka duba ka ga saura layi biyar takarda ta cika. Marubutan finafinai masu dogon zango su ma suna faɗawa cikin wannan ramin, musamman idan labarin na yaƙi ne. A wannan makon mun ɗauko shirye-shirye biyu na ƙagaggun labaran kimiyya daga Amurka. An yi su a lokaci guda, kowannensu yana faruwa a wata tasha da ke rataye a sararin samaniya, kuma kowannensu ya kunna babban yaƙi.

Na farko shi ne Babylon 5, wanda aka nuna daga 1994 zuwa 1998. Mutumin da ya ƙirƙire shi, J. Michael Straczynski, ya tsara labarin tun farko a kan zango biyar, kuma shi da kansa ya rubuta kashi 92 cikin 110. Bai yi gaggawa ba. A zangon farko ba a cika ganin abokan gabar ba, wato wasu tsofaffin halittu da ake kira Shadows. Sai dai a ga baƙin jirgi mai kama da gizo-gizo ya bayyana, ya yi ɓarna, ya ɓace. Sai da masu kallo suka shekara kusan uku cikin fargaba kafin yaƙi ya kankama.

To, ya aka ƙare shi? A kashi na shida na zango na huɗu, a 1997. Kyaftin Sheridan da Delenn sun gane cewa Shadows da abokan hamayyarsu, Vorlon, gardama ce kawai suke yi da rayukan ƙananan al'ummu: ɗaya na ganin rikici ne ke kawo ci gaba, ɗayan na ganin biyayya da tsari ne. Sai suka ƙi bin kowane ɓangare, suka ce duka su tattara su tafi. Suka kuwa tafi. Wasu masu kallo sun ji haushi, don sun yi shekaru suna jiran gumurzu, sai aka sallame su da muhawara. Mu dai muna ganin hikimar tana nan daram, tunda halittun da suka girme ka da shekaru miliyoyi ba a cin su da bindiga. Inda aka gaza shi ne saurin da aka yi.

Saurin yana da dalili. Kamfanin da ke rarraba shirin ya kama hanyar rushewa, babu tabbacin za a samu zango na biyar. Dole marubucin ya cusa ƙarshen ɗaya yaƙin, na basasa tsakanin Sheridan da gwamnatin kama-karya ta Shugaba Clark a duniyarmu, cikin zango na huɗu. Har kashin ƙarshe na shirin gaba ɗaya aka ɗauka aka ajiye. Kwatsam sai tashar TNT ta karɓi shirin. Zango na biyar ya zo bayan an riga an cinye naman miyar, shi ya sa mutane da yawa suke cewa rabinsa na farko yana jan ƙafa.

Na biyu shi ne Star Trek: Deep Space Nine, daga 1993 zuwa 1999, zango bakwai, kashi 176. A nan abokin gaba daula ce mai suna Dominion, wadda wasu halittu masu rikiɗa ke mulka. An fara ambaton sunanta kamar da wasa a zango na biyu, amma yaƙi bai ɓarke sosai ba sai ƙarshen zango na biyar. Daga nan ya ci zango biyu cur.

Abin da ya burge mu shi ne yadda suka yi amfani da tsawon lokacin. Jaruman sun rasa tasharsu, sai da aka yi kashi shida kafin su ƙwato ta. Akwai kashin da Kyaftin Sisko, wanda Avery Brooks ya fito a matsayinsa, ya shiga ƙarya da maƙarƙashiya don ya jawo daular Romulan ta shigo yaƙin a ɓangarensu. An kashe mutane a kan hakan, ya kuma zauna da abin a zuciyarsa. Akwai Nog, matashin soja da ya rasa ƙafa a fagen fama. Ba a manta da shi a mako na gaba ba, an ware kashi guda don a nuna yadda tsoro ya hana shi komawa cikin mutane. Gaskiya kuma akwai makonnin da ake ajiye yaƙin a je wasan ƙwallo ko barkwanci, har mai kallo ya tambayi kansa ko an yi sulhu ne bai ji ba.

Ƙarshen nasu ma bai tsaya ga harbe-harbe ba. Wata cuta da wata ƙungiyar asiri ta ɓangaren jaruman ta ƙirƙira tana kashe shugabannin Dominion. Odo, wanda ɗan jinsinsu ne amma yana tare da su Sisko, ya warkar da shugabarsu, ita kuma ta miƙa wuya. Kafin nan sojojinta sun hallaka 'yan Cardassia sama da miliyan 800. Da aka kawo abin sha don murnar nasara a kan kufan birnin, Sisko da Admiral Ross sun zubar da nasu a ƙasa.

Idan malamin Hausa ya ba ku aikin rubuta labarin yaƙi, ku gwada wannan: kafin ku rubuta layin farko, ku yanke shawarar wanda zai yi asara, me zai rasa, da kuma shafi nawa za ku bar wa abin da zai biyo bayan an ajiye makamai.