Bakan Gizo: Dabarar Romawa da ta Maginan Hausa

Duk maginin da zai ta da babban ɗaki yana da tambaya guda a gabansa: yaya za a rufe shi, rufin bai rufto wa mutane ba? A masana'antun Sharada da Bompai, dogayen ƙarafa ne ke ɗaukar rufi. Mutanen dā kuwa ba su da wannan.

Helenawa, wato mutanen Girka, sukan kafa ginshiƙai su gicciya dogon dutse a kai. Haka suka gina haikalin Fatenon a birnin Atina, wanda aka fara a shekara ta 447 kafin haihuwar Almasihu. Amma dutse in ya yi tsawo yakan karye a tsakiya, shi ya sa ginshiƙansu ke kusa da juna.

Romawa suka bi wata hanya. Sai su sassaƙa duwatsu, kowanne sama da faɗi, ƙasa a tsuke, su jera su kamar baka a kan katako. Da an sa dutsen tsakiya, sai a cire katakon. Nauyin da ke sama matse duwatsun yake yi, yana gangarawa ta gefe biyu zuwa ƙasa. Gadar ruwa ta Pont du Gard a Faransa, mai tsayin kusan mita 49, tana nan tsaye har yau.

To, ɗalibai, ba sai mun je Turai ba. Ku shiga Gidan Makama a cikin birnin Kano, ku ɗaga kai, za ku ga abin da maginanmu ke kira bakan gizo. Kamanninsu ɗaya, amma aikin ya bambanta. Azara, wadda ake tsagawa daga giginya, gara ba ta cika cinta ba, sai dai in ta yi tsawo takan lanƙwashe. Saboda haka magini kan dasa gajerun azara a bango, ya ɗaura wasu a kansu da igiya, kowane jeri ya ɗan zarce na baya, yana lulluɓewa da ƙasa yana jira ta bushe, har hannuwa biyu su haɗu a sama. Wannan aiki ba ya son gaggawa.

Gwanin wannan sana'a shi ne Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya wajen shekarun 1830. Yau bulo da kwano sun cika Hotoro, kuma a ganina zai yi wuya ka sami saurayi a unguwar nan da ya iya ɗaura azara.