'Yan Mazan Jiya a Birnin Zazzau: Sojan Bama a Fagen Daga da Cikin Gida

Ko da yake an fi sanin Zariya da ilimi da malamai, tarihinta na ƙarni na ashirin yana ɗaure da aikin soja, domin a nan ne Turawan mulkin mallaka suka kafa makarantar horar da kurata, wato sababbin shiga soja, a shekarar 1924, kuma a nan aka buɗe makarantar soja ta yara a 1954. Waɗannan cibiyoyi suna wajen ganuwa, amma a cikin birni, a unguwanni irin su Kwarbai da Kaura da Juma, an yi dattawan da suka bi ta cikinsu suka tafi yaƙi a ƙasashe masu nisa, sannan suka komo suka zama magidanta. Su ne ake kira 'yan mazan jiya, kuma yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya ba tare da an rubuta tarihinsu ba.

Lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu, wanda Hausawa suke kira Yaƙin Hitila, ya ɓarke a 1939, Malam Ja'afaru ɗan Isiyaku ne Sarkin Zazzau, kuma a shekarar ce aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, wadda ta riƙa kai labarin yaƙin zaurukan birni. Gwamnatin Ingila ta nemi sarakuna da hakimai su kawo samari, sai wasu suka shiga don raɗin kansu saboda albashi da kaki da son ganin duniya, wasu kuwa matsin masu mulki ne ya kai su. Rundunar da suka shiga ita ce ta Afirka ta Yamma, wadda Baturen mulkin mallaka Lugga ya aza harsashinta a 1897, kuma Hausa ce harshen da sojojin Nijeriya suka daɗe suna karɓar umarni da shi. Duk da haka hafsoshi Turawa ne, mafi girman muƙamin da ɗan ƙasa yake kaiwa a lokacin shi ne samanja, albashinsa kuma bai kama ƙafar na Bature ba.

Sojojin Nijeriya sun fara gwabzawa da Italiya a Gabashin Afirka, inda a farkon 1941 suka tashi daga Kenya suka ratsa Mogadishu har suka kai Harar ta ƙasar Habasha. Bayan haka aka kafa manyan runduna biyu, ta 81 da ta 82, aka ɗebe su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga nan suka shiga Bama don yaƙar Japan. A kwarin Kaladan, inda babu hanyar mota, dakarun dako ne suke ɗaukar harsashi da abinci a ka cikin duwatsu da kurmi da ruwan sama marar yankewa, jiragen sama kuma suna jefo musu guzuri da lema, ga zazzaɓin cizon sauro da atuni suna kayar da mutane kamar yadda harsashi yake yi. A 1944 bataliyoyin Nijeriya uku sun shiga rundunar Chindit ta Janar Wingate, wadda aikinta shi ne kutsawa bayan sansanin abokan gaba don yanke musu hanyar samun kaya, kuma sunanta ne barikin Zariya yake ɗauke da shi har yau. A watan Janairun 1945 rundunonin biyu suka kama garin Myohaung, waɗanda suka faɗi ba a san kabarinsu ba kuwa an rubuta sunayensu a maƙabartar Taukkyan da ke kusa da birnin Yangon.

Shekarun yaƙi kaɗan ne idan aka gwada su da shekarun da tsohon soja ya yi bayan an sallame shi, wanda ga mafi yawansu ya faru ne a 1946. Ya shigo ta Ƙofar Doka da akwatin ƙarfe, a ciki akwai bargo da littafin sallama da 'yan lambobin yabo da kuɗin sallamar da galibi a wajen aure da gyaran ɗaki suka ƙare. Wanda ya koyi tuƙi ko kanikanci ya sami abin yi, wani ya zama ɗan doka ko masinja a En'e, wato hukumar gargajiya ta wancan zamani, wani ya kama gadi, da yawa kuma suka koma gona da ɗinki da saƙa, alƙawarin aiki da aka yi musu bai cika ga kowa ba. Da yaƙin basasa ya tashi a 1967, an sake kiran wasu daga cikinsu, suka mayar da kaki bayan sun tara iyali.

A cikin gida ne ake ganin haƙiƙanin wannan mutum, domin horon bariki ya gauraya da tarbiyyar birni ya zama ɗabi'a guda. Shi ne mai tashi kafin kiran assalatu ya tashi yara, mai duba tsabtar zaure da rumbu, mai raka 'ya'yansa makarantar allo da safe ya kuma nace su shiga ta boko, saboda ya ga abin da rashin karatu ya hana shi a bariki. Matarsa ma tana da rabo a wannan tarihi, domin ita ta zauna shekaru ba ta san ko yana raye ba, kuma ita ta jure masa firgitar dare da yawan shiru da saurin fushi, abubuwan da likitoci a yau suka gane ciwo ne da tashin hankalin yaƙi yake barin mutum da shi. Da yake barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, a gidaje da dama 'ya'ya da jikoki sun gaji kakin.

Hukuma tana da tata hanyar tunawa, wato ranar 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, inda ake fareti a ajiye furanni, akwai kuma ƙungiyar 'yan mazan jiya ta ƙasa da aka kafa a 1964 don kula da su da iyalansu. Mutanen birni kuwa suna tunawa da mamaci ta hanyar addu'a da sadaka da yi masa takwara, kuma ba a saba rubuta suna a kan kabari ba. Wannan al'ada tana raya sunan mutum a cikin zuriyarsa, amma ba ta adana labarin inda ya je da abin da ya gani, shi ya sa jika yake iya amsa sunan kakansa alhali bai san ya taka ƙasar Bama ba.

Nauyin cike wannan giɓi yana wuyan iyalai kafin kowa. Littafin sallama yana ɗauke da lambar soja da bataliyarsa da shekarun aikinsa, saboda haka ya kamata a cece shi daga gara a ɗauki hotonsa, a zauna da tsofaffin gida a naɗi abin da suka ji daga bakin mai gidan, sannan a kai kwafi Gidan Arewa da ke Kaduna ko sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello. Yabon gwani ya zama dole, kuma waɗannan bayin Allah sun cancanci a san su da jaruntarsu da kuma riƙon gidan da suka yi. Allah ya jiƙansu da rahama, ya albarkaci abin da suka bari.