Ɗanyen Kashin Kaji a Kunyar Dankali

Wani saƙo yana ta yawo a WhatsApp tsakanin manoma, ba suna ba sa hannu, kuma daga jin maganar wanda ya rubuta shi bai taɓa haƙar dankali ba. Inda ya ce takin dabbobi na gyara ƙasa ta riƙa riƙe danshi, gaskiya ya faɗa. Inda ya ce warin taki na korar ƙwaron da ke huda dankalin Hausa ya sa shi ɗaci, wannan shaci-faɗi ne: ƙwaron ta tsagewar ƙasa yake kaiwa ga saiwa, maganinsa a tara wa gindi ƙasa.

Abin da zai jawo wa mutane asara shi ne cewa wai a kwaso kashin kaji ɗanyensa a zuba a kunya ranar dashe, kuma wai yawan taki shi ne girman dankali. Ɗanyen kashin kaji cike yake da sinadarin amoniya da gishiri, yana ƙone sabon dashe tun bai kama ƙasa ba. Wanda ya tsira kuma sai naitirojin ya yi masa yawa, ya bazu da yaɗo, gona ta yi kore shar, ranar haƙa a tarar da 'yan siraran saiwoyi. Dankali ya fi buƙatar fotasiyam, irin wanda ke cikin tokar itace. Ga kuma batun lafiya: ɗanyen kashi na ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa, dankali kuwa cikin ƙasar yake kwance, yara ma ɗanye suke gatsarsa a bakin gona. Dokar Amurka ta noman da ba a amfani da takin zamani da magungunan sinadarai ta gindaya kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin amfanin da ke taɓa ƙasa, alhali dankali da yawa wata uku zuwa huɗu yake nuna.

Wani zai ce ai iyayenmu da taki suka yi noma. Haka ne, amma tun da rani suke kai shi gona a kan jakuna, rana ta dake shi, ruwan farko ya ratsa shi kafin huɗa. Manomin da tsadar buhun takin zamani ta tura shi ga wannan saƙo bai yi laifi ba. Ya dai tara takin, ya yayyafa ruwa, ya riƙa juya shi har zafin cikinsa ya mutu, ya yi baƙi yana marmashewa a hannu, sannan ya gauraya shi da ƙasa makonni kafin dashe.