Fam na Zinariya na Ingila da Hanyoyin Gane Darajarsa

Daga cikin kuɗaɗen da aka buga a farkon ƙarni na 20, da wuya a sami wanda ya zaga duniya kamar fam na zinariya na Ingila, watau Sovereign. Irinsa ne ake kira sisin gwal, wanda ake biyan sadaki da shi a Barno da wasu sassan ƙasar Hausa. Darajarsa iri biyu ce: ta zinariyar da ke jikinsa, da ta tarihinsa.

Ta farko ma'auni ke nuna ta. Nauyin kowane fam giram 7.98 ne, faɗinsa milimita 22, zinariyarsa kuwa karat 22 ce, watau akwai giram 7.32 na tsantsar zinariya a ciki. Wanda ya gaza haka ainun, ko dai ya siɗe ko kuwa jabu ne.

Ta biyu sai an sa ido sosai. A fuska ɗaya akwai kan Sarki Edward na 7 (1902 zuwa 1910) ko Sarki George na 5 (1911 zuwa 1932). A ɗaya fuskar akwai mahayin doki yana yaƙar dodo, zanen Benedetto Pistrucci. Ƙarƙashin kofaton dokin, bisa shekarar bugu, akan sami ɗan ƙaramin harafi mai nuna garin da aka buga shi: S Sidni, M Melbon, P Perth, C Ottawa, SA Pretoria, I kuma Bombay, inda aka buga a 1918 kaɗai. Na Landan ba shi da harafi.

Shekarar 1917 ta isa misali. An buga fiye da miliyan ɗaya a Landan, amma galibinsu an kai su Amurka don biyan bashin yaƙi, aka narkar da su. Saboda haka wanda ya tsira ya ninka kuɗin zinariyarsa sau da yawa, alhali na Perth na wannan shekara bai wuce kuɗin nauyinsa da wani abin kirki ba. Wannan ya sa mayaudara kan kankare harafin, su sayar da shi a matsayin na Landan.

Don haka wanda ya gaji irin wannan kuɗi kada ya goge shi don ya yi ƙyalli, kada ya huda shi, kada kuma ya miƙa wa maƙeri kafin masani ya duba. Zinariyar da aka narkar ana iya sake auna ta, amma shekara da harafi sun tafi ke nan.